Zaren Halfdan Brok

Kopenhagen, 6 ga Fabrairu, 1967

Yaya Ragnhild,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna Valborg da kyau. Ina fata ƙugun nata ya yi sauƙi, kuma iskar tekunku ba ta yaye muku rufi ba bana. Mu nan lafiya, sai murar da matata Bodil ta kwaso a ofis ta raba mana. Na san rabona da rubuto muku tun jana'izar kakarmu, ki yafe wa ƙanenki.

Albishir na kawo. Ƙungiyarmu ta masu son fim, wadda yanzu ni ne sakatarenta, za ta nuna fim ɗin Ruwan Kaka a watan Afrilu don karrama daraktansa, dattijo Halfdan Brok. Ya haura tamanin, amma ya ce zai zo. Ban san ko kin san darajar fim ɗin da mahaifiyarki, Inna Valborg, ta fito a ciki ba. Lokacin da magana ta shigo fim, kowa ya cika nasa da surutu, shi kuwa Brok ya cika nasa da shiru. Har gobe ana koyar da ƙarshensa: jirgin ruwa yana barin gaɓa, saurayin yana ƙwala mata kira daga sama, ita kuwa ta ba mu baya, ba ta juyo ba har hoto ya ɗauke. Wa ke da zuciyar da zai hana 'yan kallo fuskar jarumarsa a irin wannan wuri in ba Brok ba?

Ga abin da muka shirya. Kin san a zamanin fim maras magana darakta yana tsaye ne yana ta faɗa wa 'yan wasa abin da za su yi ana cikin ɗauka. Da makirfo ya zo, dole ya kama bakinsa. Sai Brok ya ƙirƙiro dabara: ya ɗaura wa jarumar siririn zare a idon sawu, ya riƙe bakinsa a bayan kyamara. Ya ja, ta tsaya. Ya saki, ta tafi. Ya fizga, ta juyo. Muna so bayan an gama kallo su hau dandamali su biyu, a ɗaura zaren, su nuna wa jama'a yadda aka yi. Ki yi tunanin tafin da za a yi!

Ki gaya wa Inna. Masauki da kuɗin jirgin ƙasa duk a kanmu.

Ƙanenki,
Povl


Lemvig, 12 ga Fabrairu

Povl,

Mun samu takardarka. Rufi yana nan. Ƙugun Mama yana nan shi ma, da sanda take zuwa kantin burodi. Ni lafiya, sai tsayuwar kantin magani da ta fara taɓa mini gwiwa. Ka gaida Bodil, ta sha shayi da zuma, ta bar ƙwayoyin nan da kuke so a birni.

Na rubuta maka amsa jiya na yaga, don na ga ta yi zafi. Yau na sake karanta takardarka a natse, na ga ashe ta jiyan ba ta yi zafin da ya kamata ba.

Ka ce ba ka san ko na san darajar fim ɗin ba. Sau ɗaya na gan shi, ina ƙaramar yarinya, ya ishe ni. Mace tana tafiya kamar wadda take taka ƙwai, ta tsaya a bakin ƙofa ba dalili, ta kalli labule, ta kalli butar shayi. Namiji mai gashin baki yana huci a gefen tukunyar furanni. Wannan ne shirun da kuke koyarwa? Mu nan idan mutum ya tsaya a bakin ƙofa haka, tambayarsa muke ko ya manta makulli.

Ni abin da na sani game da gwaninka ba a littafi na karanta ba. Ina gida ranar da aka gama ɗaukar fim ɗin nan. Mama ta shigo tana ɗingishi, safarta ta manne da jini. Ni na ɗebo ruwan ɗumi. Tabon yana nan har yau, ya zagaye idon sawunta na hagu kamar an zana da wuƙa, ni nake shafa masa mai duk lokacin sanyi. Shi ne “siririn zaren” naka. Bayan haka Brok bai sake kiranta aiki ba, ko katin Kirsimeti bai taɓa aiko mata ba. Babana dama ya daɗe da hawa jirgi zuwa Kanada ya manta hanyar dawowa. Haka muka tattaro muka zo nan, ta yi shekara da shekaru tana guge zannuwan otel, shi yana can yana karɓar lambobin yabo.

Mutumin da bai iya gaya wa mace abin da yake so kafin a kunna kyamara ba, sai ya ɗaure ta kamar akuya a turke, shi ne kuke kira mai hikima. Masu sayar da alade a kasuwar Holstebro ma sun iya wannan hikimar, ba a ba su lamba.

Wataƙila ban fahimci fim ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, kuma na sha rubuta wa kaina da yamma cewa ina saurin yanke wa mutane hukunci. Amma na fahimci jini a safa.

Dole na karanta wa Mama takardarka, tunda da sunanta a ciki. Sai ta ce, “Har yanzu yana da rai?” Na ce haka Povl ya ce. Ta ce, “Wane irin zare za su kawo?” Na ce Mama, ba za ki je ba balle zare ya dame ki. Ta ci gaba da feraye dankalinta.

To ka ji. Idan 'yar tsana kuke so ku yi wasa da ita, ku aiko da mota har ƙofar gida ku ɗauke ta, ku sa ta a kwali da auduga.

Ragnhild


Kopenhagen, 20 ga Fabrairu

Yaya Ragnhild,

Gaisuwa mai yawa. Bodil ta warke, ta ce zumarki ta yi aiki.

Kin sa ni dariya! Bakinki yana nan yadda na san shi tun ranar da kika ce hular makarantata ta yi kama da tukunyar fitsari. Amma na gane saƙon. Kin yi gaskiya, bai kamata a ce mace mai ciwon ƙugu ta yi ta sauya jirgin ƙasa ba. Na kai maganar kwamiti, an amince da mota. Surukin shugabanmu yana da babba mai laushin kujera, zai zo har ƙofar gida kamar yadda kika ce.

Ki gaya wa Inna zaren auduga ne fari mai ƙarfi, irin na da. Tambayarta ta taɓa zukatanmu. 'Yar wasa ta gaskiya ke nan, tun yanzu tana tunanin kayan aiki.

Maganar tabo kuwa, abin tausayi ne, amma ki duba ta wata fuska. Wannan shaida ce ta irin tsananin da aka yi aikin da shi. Ko za a iya ɗaukar hotonsa don ɗan littafin da za mu raba?

An kai takardun talla wajen bugawa, da sunanta a ƙasan nasa.

Povl


Lemvig, 23 ga Fabrairu

Povl,

Muna lafiya. Ba ni da lokacin tambayar taka lafiyar.

Na ɗauko kwafin takardata na karanta daga sama har ƙasa, ina neman inda na ce mun yarda. Har na fara zargin kaina, na ce ko ni ce ban iya rubutu ba. Na kai wa Malama Overgaard ta gidan waya layin nan na mota da kwali, ban gaya mata komai ba, na ce me kika fahimta? Ta ce, “Wannan ai zagi ne.” Matar da aikinta manna kan sarki ta gane, kai da kake fassara ma'anar labule da butar shayi ba ka gane ba.

Bari in rubuta yadda ba za ka yi masa tafsiri ba. Ba za ta zo ba. Kada a aiko mota. A cire sunanta. Wanda ya zo da kyamara kusa da ƙafar mahaifiyata zai koma da ita a wuya.

Ka amsa mini da gaggawa.

Ragnhild


Lemvig, 19 ga Maris

Povl,

Ina fata kuna raye. Na ce ina fata, domin yau kusan wata guda ban ga ko kati daga gare ka ba. Ko shi ma shirun nan salon Brok ne? Mama lafiya, ta fi ni ma.

Da farko na ɗauka kunya ce ta kama ka. Daga baya na ɗauka fushi ne. Har na zauna na lissafa wa kaina kalmomin da watakila suka yi tsauri, na ga zancen alade bai zama dole ba. Sai shekaranjiya matar fasto ta shigo sayen maganin tari, ta ajiye mini jaridar birni a kan kanta, tana murmushi har kunne. Ga hoton bayan Mama, ga sunanta, ga ranar. Ashe shirunka na mai jiran aiki ya gama kansa ne.

Na dawo gida a fusace. Na tarar da ita ta baje baƙar rigarta ta coci a kan tebur tana rage mata tsawo.

Na ce, “Mama, me kike yi wa rigar nan?”

Ta ce, “Ta yi tsawo. Ba za a ga ƙafa ba.”

Na ce, “Wa zai ga ƙafa?”

Ta ce, “Mutanen da suka sayi tikiti. Miƙo mini almakashi.”

Na ce mata abin da ban taɓa ce mata ba. Na ce ya ɗaure ki sau ɗaya kina da ƙuruciya da yunwa, wannan na gane. Yanzu kuma me? Za ki tsaya gaban ɗalibai masu gemu da tabarau, tsoho yana jan ki kamar kare, suna tafi? Ba ki da zuciya ne?

Ta cire allura daga baki ta ce, “Ragnhild, kin gama? To ni ce aka gayyata. Ke rakiya ce. Idan ba za ki iya ba, matar fasto ta ce tana son ganin birni.”

Ban san abin da ke kanta ba. Na yi ta juya abin, mafi sauƙin amsa ita ce wadda na fi ƙi: har yanzu idan mutumin nan ya ja, sai ta tafi. Ban taɓa tsammanin zan ji kunyar uwata ba, ga shi na ji, kuma kai ka jawo.

Za mu zo. Ka riƙe motarka, jirgin ƙasa ya ishe mu, za mu yi guzurin burodi da kifi. Kada ka shirya mini kujera a gaba, kuma kada ka gabatar da ni ga gwaninka, don ban yi alkawarin abin da bakina zai yi ba.

Ragnhild


Kopenhagen, 17 ga Afrilu

Yaya Ragnhild,

Ina fata kun isa gida lafiya, tafiyar ba ta tayar wa Inna ciwo ba. Kun tafi da sassafe ba mu yi sallama ba. Ni ban runtsa ba tun ranar Asabar, Bodil ta ce na rame.

Ke kina can baya kusa da ƙofa, ban san iya abin da kika gani ba. Ni ina kan dandamalin, ni na durƙusa na ɗaura zaren. Da farko komai ya tafi daidai. Dattijo Brok yana kan kujerarsa, ya saki, ta tafi. Ya ja, ta tsaya cak. Na ga mata suna share hawaye. Sai na sanar cewa yanzu za a nuna ƙarshen fim. Inna ta je bakin dandamali ta ba mu baya. Ni na ɗauka zai bar zaren ya kwanta, tunda a fim ba ta juyowa. Sai na ga ya fizga.

Ba ta motsa ba. Ya sake fizga. Zaren ya miƙe tsakaninsu har yana rawa, kowa yana gani. Ya sa hannu biyu, fuskarsa ta yi ja, ya naɗe zaren a yatsu yana ja kamar mai kamun kifi. Na raɗa masa, “Maigida, ai a nan ba ta juyowa.” Ya ture ni. Sai ya buɗe baki, mutumin da duniya ta sani da shiru, ya daka tsawa har fitilu suka amsa:

“Juyo mana, ke jaka! Juyo ki yi gudu! Jirgin yana tafiya!”

Ita kuwa, ba tare da ta waiwayo ba, ta ce da muryar nan tata da ake ji har bayan ɗaki, “Shiru, Halfdan. Ana ɗauka.”

Kin ji dariyar da aka yi. Wani ɗan jarida ya biyo ni har bayan gida yana tambaya ko ma'anar wannan ita ce ba Brok ne ya tsara ƙarshen ba. Shugabanmu ya rubuta littafi guda a kan wannan bayan da ta juya. Ni kaina a kansa na yi jawabin buɗe taro.

Ga roƙona. Kwamiti yana ganin dattijon ya rikice ne saboda tsufa, ya ɗauka wani wuri ne daban a fim ɗin. Idan Inna za ta rubuto layi biyu ta ce haka ne, ta ce tun asali shi ya umarce ta kada ta juyo, za mu ba jarida, ƙura ta kwanta. Mutumin nan ba shi da sauran kwana da yawa, Yaya. Abin da ya rage masa ke nan a duniya.

Kuma zaren, ba mu gan shi ba bayan taro. Muna so mu sa shi a akwatin gilashi. Ko ya biyo kayanku?

Ƙanenki da ke cikin damuwa,
Povl


Lemvig, 22 ga Afrilu

Ƙanena Povl,

Mun iso lafiya. Ƙugun ya ɗan yi tsami kwana biyu, yanzu ya saki. Ka ci abinci, ramarka ba za ta gyara wa kowa littafi ba. Ka gaida Bodil, kek ɗinta ya kai mu har Fredericia.

Na ga komai daga inda nake. Ƙofa na zaɓa don in fice idan abin ya fi ƙarfina, har na sa hannu a mariƙinta lokacin da ka durƙusa da zaren. Ban san lokacin da na sake ta ba.

Muna cikin jirgin ƙasa, mun riga mun haye ruwa. Sai Mama ta tuɓe takalmi ta ɗora ƙafar a kan kujerar gabanmu. Sabon jan layi ya kwanta a kan tsohon tabon. Na ciro mai ina shafawa, na ce, “Mama, haka aka yi a wancan lokacin?”

Ta ce, “Haka. Sai dai lokacin yana da ƙarfi.”

Abin da aka rubuta mata shi ne, idan saurayin ya kira sunanta ta juyo, ta bi gefen gaɓa da gudu tana kuka tana miƙa hannu. Jirgin kuwa na gaske ne, na fasinja, ba wanda zai dawo da shi don a sake ɗauka. Makirfo yana buɗe saboda kiran saurayin. Brok ya fizga, ta ƙi. Ya yi ta ja har zaren ya shiga nama, ba halin ya yi magana, sai cizon hularsa yake. Jirgi ya tafi, fim ya ƙare a kyamara. Ta ce ranar ya rantse ba za ta sake aiki a garin ba, kuma ya cika. Da jaridu suka fara yabon ƙarshen, sai ya sayi sabuwar hula ya fara bayani.

Na ce, “To me ya hana ki juyowa? Aiki ne fa, ga ni a gida ba mu da gawayi.”

Ta ce, “Wannan gudun na taɓa yin sa a kan gaɓar nan ɗin, da ke a hannu, ranar da ubanki ya tafi. Na san yadda yake. Ba shi da kyan gani.”

Na ce, “Shekara nawa ina shafa wa ƙafar nan mai ina tsine masa, ina jin tausayinki, ba ki taɓa gaya mini ba?”

Ta ce, “Ba ki tambaya ba. Ke kullum kin riga kin san amsa. Shafa ta nan gefen.”

Yanzu ga maganar layi biyu. Na karanta mata roƙonka, ban rage ko kalma ba, har da zancen sauran kwanansa. Na ce a raina watakila kana da gaskiya, tsoho ne, me za a ci da shi? Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in gaya maka ita ba ta ce wa kowa komai ba, ba kuma za ta ce ba. Ba ta yi hira da jarida ba, ba ta ƙaryata littafin kowa ba. Tsayawa kawai ta yi. Wanda ya yi magana shi za ku je ya janye.

Ni kuma ga nawa. Ra'ayina game da gwaninka bai sauya ba, sai dai ya ragu. Da ina ganinsa mugu. Yanzu na ga ashe mai riƙe da bakin zare ne kawai, wanda abu mafi kyau da ya taɓa faruwa a gaban kyamararsa ya faru ne yana ƙoƙarin hana shi da hannu biyu. Ku ci gaba da koyar da shirunsa, ai kun ji abin da ke cikinsa.

Fim ɗin kuma, tunda na zauna na gan shi har ƙarshe, har yanzu ina ganin mai gashin bakin nan ya cika huci, kuma an daɗe a kan butar shayi. Amma idan za ku sake nunawa, ka sanar da ni. Zan zo ni kaɗai, in zauna a gaba.

Zaren ya biyo mu, a jakarta ta saka shi. Ba za ku same shi ba. Ranar Alhamis ta sayo faffaɗan naman gefen ciki, ta barbaɗa masa gishiri da albasa da barkono, ta naɗe, ta ɗaure shi tam da zaren Halfdan Brok, ta dafa. Ta ce in gaya maka kun iya zaɓe, zare ne mai kyau, ya riƙe nama bai saki ba.

Yayarka,
Ragnhild